Jiragen faiba a madadin na katako: Aikin da ke jira a ƙarƙashin ruwa

Tun bayan hatsarin jirgin ruwa na watan Yunin 2023 a yankin Patigi na jihar Kwara, inda fiye da mutum 100 suka rasu a hanyarsu ta dawowa daga ɗaurin aure, maganar da hukumomi suka fi maimaitawa ita ce a daina amfani da jiragen katako. Ministan Harkokin Teku, Adegboyega Oyetola, ya sha kira ga jihohi su koma jiragen faiba da na alminiyum, kuma hukumar N-HYPPADEC ta raba irin waɗannan jirage a wasu garuruwan bakin Kogin Neja.

Hujjar tana da ƙarfi. Jirgin faiba ba ya ruɓewa, ba shi da tsagar da ake toshewa da tsumma da kwalta, ga shi ba nauyi. Abin da ba a cika ji ba a wajen bikin miƙa jiragen shi ne yadda za a kula da gindinsu, wato ɓangaren da ke nutse cikin ruwa dare da rana.

Me ke manne wa jirgi?

Duk abin da ya daɗe a ruwa sai ya yi yauƙi. Daga yauƙin sai gansakuka, a ruwan gishiri kuma sai ƙananan halittu masu ɓawo su kafe a jikin jirgin kamar an liƙa su da siminti. Jirgi ya rage gudu, inji ya ƙara shan mai.

Wani nazari na shirin GloFouling da ke ƙarƙashin Hukumar Sufurin Jiragen Ruwa ta Duniya, IMO, ya nuna cewa yauƙi mai kaurin rabin milimita, idan ya rufe rabin gindin babban jirgi, yana iya ƙara hayaƙin da yake fitarwa da kimanin kashi 25 cikin 100. Kan manyan jirage aka yi lissafin, amma mai jigila da ke sayen fetur tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023 zai ga irin wannan asara a aljihunsa.

Maganin da aka saba da shi wani fenti ne na musamman, yawanci mai ɗauke da sinadarin jan ƙarfe, wanda ke sakin guba kaɗan-kaɗan don hana halittun zama. A kan sabunta shi duk shekara ɗaya ko biyu.

Shafa fentin shi ne mai sauƙi

Wahalar tana wajen shiri. Sai an fitar da jirgin tudu, an ɗora shi kan matokarai, an wanke shi da tiyo mai ƙarfi nan take, domin idan dattin ya bushe sai da wuƙar kankara. Bayan ya sha iska a kankare duk tsohon fentin da ya ɗago, a goge sauran da sanfefa mai kaushi, irin mai lamba 80, ana yi ana jiƙawa da ruwa. Gugar a bushe tana tayar da ƙura mai guba da leburan zai shaƙa, shi ya sa ake bukatar takunkumi, safar hannu da tabarau.

A nan ne ake gano ciwon da ya fi damun jiragen faiba. Fatar waje mai sheƙi tana barin ruwa ya ratsa ta a hankali, ruwan ya haɗu da ragowar sinadaran cikin faiban, sai wurin ya kumbura kamar bororo. Idan aka fasa, wani ruwa mai warin tsami ke fitowa. Dole a buɗe kowane ɗaya, a wanke da ruwa mai tsabta, a bar shi ya bushe sosai, wani lokaci makonni, sannan a cike da ifoksi, a shafa fentin share fage. Wanda ya yi gaggawa ya rufe danshi a ciki, baɗi zai tarar da kumburin ya ƙaru.

Sabon jirgi ma yana da nasa tarkon. Yana fitowa daga masana'anta da kakin da aka shafa wa mazubin da aka ƙera shi a ciki. Idan ba a wanke kakin da sinadari kafin a sa sanfefa ba, gugar ma tura shi ciki take yi, fentin ya riƙa ɓarewa kamar ɓawon albasa. Jirgin alminiyum kuwa, fentin jan ƙarfe na yau da kullum cinye shi yake yi.

Duk wannan na nufin jirgin zai yi kwanaki ba ya aiki. Ga garin da jirgi ɗaya ne hanyarsa ta zuwa kasuwa da asibiti, wannan babbar magana ce, kuma galibin mashigan ruwa a Neja da Kebbi ba su da wurin da aka gina don jawo jirgi tudu.

Ina gubar ke zuwa?

Turai ta koyi darasin da tsada. A ƙarshen shekarun 1970 sana'ar kiwon kawa a gaɓar Arcachon ta Faransa ta durƙushe, aka gano sinadarin TBT na fentin jirage ne sanadi. Faransa ta hana shi ga jiragen da ba su kai mita 25 ba a 1982, Birtaniya ta bi baya a 1987. IMO ta amince da yarjejeniyar haramta shi a 2001, ta fara aiki a watan Satumban 2008, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da suka shiga. Daga 1 ga Janairun 2023 an ƙara sinadarin cybutryne cikin jerin.

Sai dai binciken takardu na yarjejeniyar ya fi shafar manyan jiragen da ke zirga-zirga tsakanin ƙasashe. Ƙaramin jirgin da ake kankarewa a kan yashin bakin kogi, inda mata ke wanki, masunta ke shanya taru, babu mai duba inda ɓarɓashinsa ya zuba. Ba fentin kaɗai ba ne: masu bincike na Jami'ar Brighton sun samu ɓurɓushin faiba a jikin kawa a mashigin Chichester da ke kudancin Ingila. Shimfiɗa tamfol a tara tarkacen abu ne mai arha, amma sai akwai wanda ya ce a yi.

Legas daban, Kainji daban

A tafkin Legas da mashigan Warri da Fatakwal, inda ruwan ke da gishiri, da wuya jirgin da ke kwana a ruwa ya tsira ba tare da fentin ba. A tafkunan Kainji da Jebba da Shiroro kuwa, yauƙi da gansakuka ne suka fi yawa, kuma buroshi yana fitar da su idan ana yi a kai a kai. Sweden ba ta yarda a yi amfani da fenti mai guba a tafkunanta ba. Masu jirage wankewa suke yi.

Don haka kuskure ne gwamnatin jiha ta kwafo tsarin bakin teku ta ɗora wa Yauri ko Mokwa, ta zuba jan ƙarfe a ruwan da ake sha ake kamun kifi. Abin da ya fi dacewa a sa cikin kwangilar sayen jiragen shi ne gangaren siminti na jawo jirgi, da ifoksin gyara, da horar da maƙeran jiragen katako da sana'arsu ke shirin kuɓucewa. Hukumar NIWA, wadda ke yi wa jiragen rajista, ita ce ke da hurumin tilasta a fito da kowane jirgin fasinja tudu sau ɗaya a shekara a duba gindinsa, kuma lokacin rani, kafin ruwa ya cika, shi ne ya fi sauƙi.