Darajar Yumɓu Tana Hannun Mai Saye

A ƙasar Japan, ƙaramin kofin shayi na yumɓu da aka gina da hannu, wanda bakinsa ma bai daidaita ba, yakan fi na masana'anta tsada nesa ba kusa ba. Tun ƙarni na 16 Sen no Rikyu, gwanin al'adar shan shayi, ya fifita kwanukan magini Chojiro marasa ado a kan tangaran mai ƙyalli na ƙasar Sin, manya kuma suka bi sahunsa. A 1950 gwamnatin Japan ta kafa dokar kare kayan al'adu, a 1955 ta sa magini Shoji Hamada cikin gwanayen da ake ɗauka tamkar dukiyar ƙasa. Masu saye da hukuma ne suka ɗaga sana'ar, kuma wannan gatan ne maginan tukwane na Mahuta, Funtuwa da Malumfashi suka rasa.

Kada wani ya ce ai hannun namu bai kai ba. Michael Cardew, almajirin Bernard Leach (shi Leach a Japan ya koyi sana'ar), a fadar Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya ga tukwanen Ladi Kwali. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yau, aka baje kolin aikinta a Landan, ga hotonta nan a bayan Naira 20. Gwanintar daga gida ta zo da ita. Sarki mai ganin daraja da murhu mai zafi su suka kai ta duniya.

Masu suka na cewa roba da silba sun fi araha, ba sa fashewa, talaka kuma ba ya sayen ado. Gaskiya ne tulu na fashewa, amma randa na sanyaya ruwa ba tare da lantarki ba, abin da jarka ba za ta iya ba. Da wannan hikimar Mohammed Bah Abba na Jigawa ya haɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi don adana kayan gwari, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Manomin tumatir da ke kallon amfaninsa na ruɓewa ba ado yake nema ba. Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne kofin yumɓunmu na tsotsar ruwa, yana wuyar wankewa, mai shayi ba zai iya da shi ba. Wannan matsalar gashi ce, domin wutar kara da itace a fili ba ta kai zafin da zai toshe ƙofofin yumɓu. Maganinta na kusa: akwai farar ƙasa a Ƙanƙara, akwai sashen koyar da tangaran a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya.

Saboda haka ya kamata gwamnatin Katsina ta gina wa magina murhun gashi na haɗin gwiwa, ta haɗa su da masanan Zariya, ta kuma biya tsofaffin gwanaye su koyar da matasa. Mu kuma masu saye, mu daina taya aikin kwana da kwanaki da kuɗin ledar ruwa. Duk sana'ar da ba ta ciyar da mai ita, 'ya'yansa ba za su gaje ta ba.