Kada Mu Tafa wa Mai Ɗinke Mana Baki

A wani taron dattawan ikkilisiya na ji wani babanmu yana cewa da ma gwamnati ta rufe Facebook da WhatsApp kowa ya huta, tunda yara sun lalace da zagi da ƙarya. Da yawa suka gyaɗa kai. Baba, da dukan girmamawa, ban yarda ba.

Mun riga mun ga yadda rufewar take. A watan Yuni 2021 Twitter ta goge wani saƙon Shugaba Buhari. Kwana biyu bayan haka ministan watsa labarai, Lai Mohammed, ya sanar an dakatar da ita a Nijeriya, ministan shari'a kuma ya ce a gurfanar da duk wanda ya zagaya ta bayan gida ya shiga. Sai a watan Janairu 2022 aka buɗe, bayan kwana 222. Kotun ECOWAS ta yanke hukunci a Yuli 2022 cewa rufewar ta saɓa wa doka. Ku lura da mafarin abin. Ba don an zagi talaka aka rufe ba, ba kuwa don an yi wa wata ikkilisiya ƙazafi ba. Babba aka taɓa.

To, mu da muke tsiraru, wa zai faɗi namu? Gidan rediyon jiha ba namu ba ne. In aka ƙone majami'a a ƙauye da dare, ko aka hana mu filin gini shekara goma, ba za ku ji shi a labarun ƙarfe bakwai ba. Wayar da ke hannun ɗan ƙungiyar matasa ita ce ke kai kukanmu Jos da Abuja kafin gari ya waye.

Masu cewa doka don maƙaryata kaɗai ake yi, su duba wanda ta kama. A Mayu 2022 aka kashe Deborah Samuel a kwalejin ilimi ta Shehu Shagari a Sakkwato. 'Yar'uwarmu Rhoda Jatau, ma'aikaciyar lafiya a Warji ta jihar Bauchi, ta tura bidiyon da ke la'antar kisan a WhatsApp. Ita aka kama. Cikin tuhumar da aka yi mata har da sashe na 24 na dokar laifuffukan intanet ta 2015. Ta yi fiye da shekara ɗaya da rabi a tsare, uwar 'ya'ya biyar, kafin a ba da belinta a Disamba 2023, kotu kuma ta sallame ta a Disamba 2024. Wa zai biya ta waɗannan watannin? Haka aka kulle ɗan jarida Luka Binniyat a Kaduna a Nuwamba 2021, kusan wata uku, saboda rahotonsa a kan kashe-kashen Kudancin Kaduna. An gyara sashen a 2024, gaskiya ne, amma hannun da ke riƙe da sandar bai canza hali ba.

Wannan ba sabon abu ba ne ga mai karanta Littafi Mai Tsarki. Amaziya firist ya kori Amos daga Betel don wa'azinsa bai yi wa fada daɗi ba. Majalisa ta ja wa Bitrus da Yohanna kunne kada su ƙara magana cikin sunan Yesu, suka ƙi. Su ma masu hanawar, zaman lafiya suka ce suna nema.

Ban ce 'ya'yanmu ba su da laifi ba. Na sha ganin hoton gawarwaki na wata ƙasa ana yaɗawa a zauren Zumuntar Mata, wai jiya aka yi a garinmu. Wannan shaidar zur ce, zunubi ne, tana kuma iya jawo a kashe maƙwabcinmu Musulmi da bai san hawa ba bai san sauka ba. Amma gyaran wannan aikin fasto ne da dattawa. Muna da horon ikkilisiya; a kira mai yaɗawar a tsawata masa, ya janye a gaban jama'a.

A 2019 aka kawo ƙudurin taƙaita kafofin sada zumunta gaban majalisar dattawa, da wani na kalaman ƙiyayya mai hukuncin rataya. Mutane suka tashi, ƙudurorin suka mutu a hanya. In irinsu suka sake ɗago kai, ina roƙon kowace gunduma ta rubuta wa sanatanta da ɗan majalisarta, da sa hannun dattawa, ta tuna musu sashe na 38 da na 39 na tsarin mulki. Baba, muna so sunanka ya zama na farko a takardar.