Ƙahon Ɗan Witbank

A wajenmu kakaki sai sarki. Ba a busa wa talaka shi, kuma ba kowane gida ne ke gadon busarsa ba. Shi ya sa labarin Hugh Masekela ya daɗe yana ba ni sha'awa, domin shi ƙahon tagulla irin na Turawa ya ɗauka, ya shekara sittin da ɗoriya yana busa wa ma'aikatan haƙar ma'adinai da 'yan gudun hijira.

An haife shi a Witbank, garin kwal na Afirka ta Kudu, a 1939. Yana ɗan shekara 14, ɗalibi ne a makarantar St Peter's da ke Johannesburg, kuma ba ya jin magana. Ya kalli wani fim na Amurka a kan wani mabushi, ransa ya biya. Da limamin makarantar, Fada Trevor Huddleston, ya tambaye shi abin da zai sa ya natsu, sai ya ce a ba shi ƙaho. Fada ya samo masa, ya kuma nemo wanda zai koya masa. Kafin a jima sauran yara suka taso su ma suna so, aka kafa ƙungiyar kiɗa a makarantar.

Nan ne nake so mu daɗe. Mun saba cewa baiwa daga Allah take, kuma haka ne. Amma baiwa ba ta sayen ƙaho, ba ta biyan malami. Yara nawa ne a Witbank ke da kunne irin na Hugh, suka ƙare a ramin kwal don ba wanda ya taɓa tambayarsu abin da suke so? Dokar ilimin Bantu ta 1953 an tsara ta ne don kada ɗan baƙar fata ya wuce leburanci. Ita ce ta yi sanadin rufe St Peter's a 1956, shekarar da mabushi Louis Armstrong ya aiko wa yaran da ƙaho daga Amurka. Wanda ya zo bayan Hugh da shekara uku kacal, ƙofa a kulle ya tarar.

Shi ma bai tsira ba. Ƙungiyarsu ta Jazz Epistles, shi da Abdullah Ibrahim da Jonas Gwangwa da Kippie Moeketsi, tana tashe aka yi kisan Sharpeville ranar 21 ga Maris 1960, mutum 69 suka mutu. Aka hana taro, kiɗa ya mutu. Ya bar ƙasar, ya tafi Landan, sannan New York.

Suna kam ya yi. A 1968 kiɗansa "Grazing in the Grass" ya zama na ɗaya a Amurka. Da wani ne, da ya kwanta ya ci riba. Shi kuwa sai ya juyo Afirka: Legas wajen mawaƙi Fela, Gana wajen ƙungiyar Hedzoleh Soundz, sannan ya rera "Stimela" a 1974, waƙar jirgin ƙasan da ke kwaso maza daga ƙasashen maƙwabta zuwa ramukan zinariya.

A ganina babban aikinsa ba a faifai yake ba. A 1985 ya buɗe makarantar kiɗa a Botswana, dab da iyakar ƙasar da ta hana shi komawa, don a yi wa wasu yaran abin da Fada ya yi masa. A watan Yunin shekarar sojojin mulkin wariya suka kai farmaki Gaborone ta Botswana cikin dare, suka kashe mutane, dole ya sake tattara kayansa.

Sai a 1990, bayan an saki Mandela, ya taka ƙasarsu, shekara 30 rabonsa da gida. Ya rasu a Johannesburg ranar 23 ga Janairu 2018, yana da shekara 78.