Ba Tsohon Alƙalami Ne Ya Tsufa Ba, Hannun Yaranmu Ne Ya Lalace

Akwai maganar da ta zama ruwan dare a ɗakunan malamai na Fagge, wai duk malamin da har yau yake wanke alƙalami mai shan tawada, yana cigiyar bakinsa ko jakar robarsa a kasuwar Sabon Gari, mutum ne da zamani ya wuce ya bari. Hujjar masu wannan magana guda ce: tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta, don haka wahalar gyaran rubutu aikin baban giwa ce. To, ina roƙon su ɗauko littattafan 'yan aji shida daga Rijiyar Lemo har Sabon Gari su duba. Za su ga yaro ya rubuta baki yana nufin baƙi, ya rubuta daki yana nufin ɗaki, domin babu wanda ya taɓa tsayawa a kansa ya nuna masa yadda ake lanƙwasa kan harafi. Kafin wannan yaro ya isa gaban kwamfutar JAMB, shekara shida zai yi a sakandare yana rubutu da hannu, kuma malamin da ya kasa karanta amsa ba ya ba da maki.

Ban ce biro abin ƙi ba ne. Tun da László Bíró ya yi rajistar ƙirarsa a 1938, kamfanin Bic kuma ya fito da nasa mai araha a 1950, talaka ya sami sauƙi. Amma tawadar biro mai kauri ce, sai an danna take fita, shi ya sa za ka ga yaro ya shaƙe biro kamar mai riƙe da wuƙa, kafin ya cika shafi ɗaya yatsunsa sun sage. Alƙalami mai shan tawada kuwa da ya taɓa takarda zai zuba. In ka danna shi bakinsa ya buɗe, in ka karkata shi ba daidai ba ya ƙi rubutu, wato shi da kansa yake yi wa hannu horo. Mu da muka fara da alƙalamin kara a makarantar allo bai kamata a yi mana dogon bayani a kan wannan ba. Jamus ba ta rasa kwamfuta ba, amma har gobe 'yan firamarenta da irin wannan alƙalami suke koyon haɗa baƙi. Faransa ma sai a 1965 ta yarda biro ya shiga aji.

Za a ce, a ajin da yara suka haura ɗari, wasu a zaune a ƙasa, wa yake ta alƙalami? Gaskiya ne, kuma babu mai cewa uba ya sayo wa ɗansa Parker. Abin da nake cewa shi ne alƙaluman suna nan, kwance a akwatunan iyayenmu malamai da suka yi ritaya: Parker 51 da aka fara yi a 1941, da Pelikan na Jamus, da Hero 616 na Shanghai wanda ya kwaikwayi Parker ya kuma fi su yawa a hannun talakan malami. Yawancinsu ba su mutu ba, tawada ce ta bushe a ciki. A jiƙa bakin cikin ruwan sanyi ya kwana, a riƙa zuƙo ruwa ana fesarwa har ya fito garau. Ban da ruwan zafi, yana lanƙwasa jikin alƙalamin. Wanda jakar robarsa ta ƙeƙashe ita kaɗai za a sake, kuma aikin bai fi ƙarfin mai gyaran agogo ba. Babban abin da ke kashe su a garin nan shi ne zuba musu tawadar allo ko ta zane, domin ƙaron da ke ciki yana toshe magudanar har abada; sai tawadar kwalba irin su Quink. Da hunturu a riƙa rufe murfi da zarar an ɗaga hannu, da bazara kuma a soke shi a aljihu baki sama, in ba haka ba zafin Kano zai turo tawadar ta yi wa farar riga ado.

Abin takaici, waɗannan alƙaluma a Turai da Amurka masu tarawa ne suke rububinsu da tsada, mu kuwa jikoki ne suke wasa da su a tsakar gida.

A 2024 gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, aka yi ta maganar ajujuwa da kujeru, kuma ya dace. Sai dai ban ji wanda ya ambaci darasin rubutun hannu ba, darasin da a makarantu da dama ya koma lokacin da ake cike gurbin lissafi ko shara. Ina kira ga reshenmu na NUT ya kai wa hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma buƙata a rubuce, a dawo da shi cikin jadawali sau biyu a mako daga aji ɗaya zuwa shida. Mu kuma mu bi gidajen tsofaffin malamanmu mu roƙi abin da suka ajiye, mu ware Asabar guda mu wanke su, kowane aji shida ya sami ko da guda biyar da yara za su riƙa karɓa bi da bi. Ni zan kawo kwalbar tawada ta farko.