Layin Da Masu Awo Suka Ja

A shekarar 1763 aka ɗauko masu awon ƙasa biyu daga Ingila, Charles Mason da Jeremiah Dixon, domin su raba gardamar iyaka tsakanin Pennsylvania da Maryland, yankuna biyu na Amurka da ke ƙarƙashin mulkin Ingila a lokacin. Rigimar fili ce tsakanin manyan gidaje biyu, gidan Penn da gidan Calvert. Masu awon suka yi ta kafa dutse a kan kowane mil, har suka tsaya a 1767.

Babu batun bauta a cikin aikin nan, domin a wannan zamani ana riƙe bayi a duka ɓangarorin biyu. Doka ce ta sauya wa layin ma'ana. A 1780 Pennsylvania ta kafa dokar kawar da bauta sannu a hankali, Maryland kuwa ta ci gaba da riƙon bayi har 1864. Saboda haka bawan da ya gudu ya ƙetare duwatsun nan ya faɗa ƙarƙashin wata doka dabam, ko da yake ubangidansa na iya bin sawunsa ya kamo shi. Tun kafin yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865, 'yan siyasa sun mai da layin Mason da Dixon sunan rabuwar Arewa da Kudu.

To, amma ya kamata ɗalibai su lura cewa sunan ya yi wa gaskiya ƙari. Maryland tana kudu da layin, kuma ba ta ɓalle ba. Birnin Washington, inda Shugaba Lincoln ya zauna ya jagoranci yaƙin, shi ma kudu yake.

Mu ma a Nijeriya Turawa sun ja mana irin wannan layi. An haɗe Arewa da Kudu a 1914, amma aka bar kowane ɓangare da tsarin mulkinsa, da kotunansa, da rabonsa na ilimin boko. Wannan bambanci shi ya ba layin ƙarfi, in ba haka ba ai Yarbawan Ilori da na Kabba a Arewa suka faɗa. Jihohi 12 da Gowon ya ƙirƙiro a 1967 sun share tsofaffin yankunan daga taswira, amma giɓin makarantu da malamai bai tafi da su ba. Muna kira ga ma'aikatan da ke tsara kasafin kuɗin ilimi a jihohi su sa wannan giɓi a gaba.