RA'AYINMU: Kifin Kogunanmu Na Bukatar Asusu Na Dindindin

Tun cikin 1934 ake yin bikin kamun kifi na Argungu, kuma cikin 2016 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun da duniya take alfahari da su. Amma fa bikin ba zai ɗore ba sai da giwan ruwa a Matan Fada. Duk wanda ya zauna da tsofaffin masunta kuwa ya san cewa manyan kifaye irin su giwan ruwa da yauni da bargi sun yi ƙaranci a kogunanmu.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kifin kogi yakan bi ambaliyar damina ya shiga fadama ya yi ƙwai, 'ya'yansa su girma a can. Madatsun ruwa na Tiga (1974) da Bakolori (1978) da Goronyo (1984) sun taimaki noman rani da ruwan sha, amma sun rage ambaliyar da fadamun Haɗeja da na Rima suke samu. Ga kuma taru mai ƙananan idanu, da masu zuba guba a ruwa, waɗanda ba su barin babba balle ƙarami.

Mu dai a ganinmu, babbar matsalar ita ce yadda ake ba wannan aiki kuɗi. Farfaɗo da kifi aiki ne na shekaru masu yawa, alhali kasafin kuɗin gwamnati na shekara ɗaya ne. Bana a ware, baɗi a manta. In kuwa taimakon ƙasashen waje ne, ranar da wa'adinsa ya cika sai a ga jiragen sintiri a kife a bakin gaɓa.

Akwai darasi a Amurka. Cikin 1988 aka kafa shirin ceto wasu irin kifaye huɗu na Kogin Kolorado da suke gab da ƙarewa. Cikin 2000 majalisar dokokin ƙasar ta yi doka ta yarda a riƙa ɗaukar nauyin shirin daga kuɗin wutar lantarkin da madatsun kogin suke samarwa. Duk da haka sai cikin 2021, watau bayan shekara 33, aka cire ɗaya daga cikinsu daga jerin masu gab da ƙarewa. Da kuɗin ya yanke a tsakiya, da wahalar ta tashi a banza.

Ba mu rasa masana ba. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta New Bussa ta samo asali tun 1968, shekarar da aka kammala madatsar Kainji. Sarakunan ruwa kuma sun san lokacin da ake hana su don kifi ya hayayyafa.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Tarayya da gwamnatocin jihohin da abin ya shafa su kafa asusu na dindindin bisa doka. A riƙa zuba masa wani kaso daga kuɗin wutar Kainji da Jebba da Shiroro, da kuɗin ruwan noman rani, da na lasisin su. A kashe shi wajen ƙyanƙyasar kifi, da sintiri, da ƙidayar abin da ake kamawa. A kuma tilasta sakin ruwa daga madatsu a lokacin da kifi yake ƙwai. Kowace shekara a gabatar da lissafin asusun gaban majalisa, domin kada ya zama saniyar tatsa.

Madatsun da suka tare wa kifi hanya su ya kamata su biya kuɗin gyara. In muka yi sakaci, jikokin Kabawa za su shiga Matan Fada da homa da gora su fito hannu rabbana.