Lissafi Ba Dodo Ba Ne

'Yan'uwana ɗalibai, da zarar an buga ƙararrawar darasin lissafi, sai ka ga wasunmu sun fara ciwon kai, wasu kuma sun sulale bayan aji. A ganina wannan babban kuskure ne, kuma kanmu muke cuta.

A nan Gafasa, in ka ce wane injiniyan lantarki ne, mutane sai su ɗauka mai hawa turke yana ɗaura waya ne. Aikin ya wuce nan. Ku dubi Farfesa Umar Garba Ɗanbatta, mutumin Jihar Kano kamarmu. Ya yi karatun injiniya a ƙasar Poland, ya sami digirin digirgir a Manchester ta Ingila, ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Bayero. Daga 2015 zuwa 2023 shi ne shugaban Hukumar Sadarwa ta Nijeriya. Da ya guje wa lissafi, da bai taka wannan matsayi ba.

Wayar da ke hannun iyayenmu ma lissafi ce. A 1948 wani Ba'amurke, Claude Shannon, ya nuna cewa kowane saƙo, murya ko rubutu ko hoto, ana iya mai da shi jerin sifiri da ɗaya. Ya kuma nuna cewa in an ƙara wa saƙon wasu lambobin tantancewa, zai isa daidai ko da hayaniya a hanya. Kamar dai uwa ce ta aiki yaro kasuwar Gaya, ta maimaita masa saƙon don kada ya ɓace cikin surutu.

Haka abin yake a asibiti. Na'urar CT mai ɗaukar hoton cikin kan mutum ba tare da an tsaga shi ba, injiniyan lantarki ne ya ƙera ta, Godfrey Hounsfield na Ingila. Tana haska jiki ta kusurwoyi da yawa, kwamfuta ta lissafa, hoto ya fito. An fara gwada ta a kan majiyyaci a 1971, ya sami kyautar Nobel a 1979.

Wani zai ce malaman lissafi sun yi mana kaɗan, ga rashin wuta. Gaskiya ne, kuma muna roƙon hukuma ta duba. Amma kafin nan, lissafi fensir da takarda yake so, sai naci. A hankali ake shan romo. Wanda ya gane ya koya wa wanda bai gane ba, mai tambaya kuwa ba ya ɓata.

Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote ga ta nan Wudil, kusa da mu. Abin kunya ne 'ya'yan nesa su cika ta, mu na Gaya da Ajingi muna kallo. Gobe in an buga ƙararrawa, mu zauna a aji. Allah ya ba mu sa'a, amin.